Harajin Hayaƙi a Landan: Kariyar Huhu ko Tatsar Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Tun daga ranar 29 ga Agusta, 2023, duk wanda ya fito da tsohuwar mota a kusan ko'ina cikin birnin Landan sai ya biya fam 12.50 na wannan rana. Ba a kafa shinge ba, ba a kuma girke ma'aikata a bakin titi ba. Kyamarori ne ke karanta lambar kowace mota, kwamfuta ta duba ko injinta ya cika ƙa'ida. Idan bai cika ba, mai motar kuma bai biya ba, sai takardar tara ta fam 180 ta same shi har gida, wadda ake rage masa zuwa fam 90 in ya biya cikin mako biyu. Tsarin, wanda aka fi sani da ULEZ, yana aiki dare da rana in ban da ranar Kirsimeti. Ƙa'idarsa ita ce motar fetur ta kai matakin Euro 4, wato galibi wadda aka yi wa rajista bayan 2005, motar dizal kuma ta kai Euro 6, galibi daga Satumbar 2015 zuwa sama. Wanda motarsa ta cika sharaɗi ba ya biyan ko sisi.

Landan ta daɗe tana fama da iskarta. A Disambar 1952 hayaƙin gawayin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin na tsawon kwanaki, aka ƙiyasta mutuwar mutum 4,000 a lokacin, daga baya masu bincike suka ce adadin ya ninka haka. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. Da kwal ya ja baya, sai salansar mota ta gaje shi. Magajin gari Ken Livingstone ya kawo kuɗin cunkoso a tsakiyar birnin a 2003, sannan aka sa wa manyan motoci ƙa'idar hayaƙi a 2008. Boris Johnson na jam'iyyar Conservative shi ne ya tsara ULEZ lokacin da yake magajin gari, amma magajinsa Sadiq Khan na jam'iyyar Labour ne ya gaggauta ƙaddamar da shi a tsakiyar birnin a Afrilun 2019, ya faɗaɗa shi a Oktoban 2021 zuwa titunan zobe biyu da suka kewaye cikin gari, sannan a 2023 ya shimfiɗa shi a kan dukkan ƙananan hukumomin birnin 32. Matakai biyun farko sun wuce ba tare da wata babbar hayaniya ba. Na ukun ne ya raba kan mutanen Landan, har ya kai ga kotu da akwatin zaɓe da sassare kyamarori cikin dare.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjar farko ta magoya baya ita ce lafiya, kuma suna da abin nunawa. Gurɓatattun abubuwa biyu ne suka fi damun likitoci. Na farko iskar NO2, wadda injin dizal ya fi kowa fitarwa, tana kumbura hanyoyin numfashi tana tayar da asma. Na biyu ɓurɓushin da ake kira PM2.5, wanda ƙanƙantarsa ta kai ya ratsa huhu ya shiga jini, ana kuma danganta shi da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa mutum zai dubi sararin Landan ya gan shi garau alhali yana shaƙar abin da ke rage masa kwana. Masu bincike a jami'ar Imperial College sun ƙiyasta cewa a 2019 gurɓatar iska ta yi sanadin asarar rayuka da ta yi daidai da mutuwar mutum kusan 4,000 a birnin. Wani binciken da aka yi a kan 'yan firamare a unguwanni irin su Tower Hamlets da Hackney ya gano cewa huhun yaran da ke zaune inda hayaƙi ya fi yawa bai kai girman da ya kamata ba, ragin ya kai kusan kashi 5 cikin 100. Huhun da ya tsumbure a yarinta kuwa da wuya ya cike gurbin a girma.

Akwai kuma shari'ar da ta sauya yadda ake maganar gaba ɗaya. A Fabrairun 2013 wata yarinya 'yar shekara tara da ke zaune kusa da babban titin zobe na kudu, a ƙaramar hukumar Lewisham, ta rasu bayan ta sha kwanciya a asibiti saboda asma. A Disambar 2020 jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta. Ita ce ta farko a Birtaniya da aka rubuta wa haka a takardar shaidar mutuwa. Magoya baya suna cewa bayan wannan hukunci babu shugaban da zai ce bai sani ba. Matakin NO2 a unguwarsu ya zarce iyakar da dokar ƙasar ta gindaya, wato maikrogiram 40 a kowace kubik mita ta iska, iyakar da ya kamata a ce an cika tun 2010. A 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da shawararta zuwa 10. Don haka, a ganinsu, magajin gari ba wani sabon abu ya ƙirƙiro ba, dokar da aka daɗe ana takewa ce ya tashi cikawa. Suna ƙarawa da cewa mutum miliyan biyar da ke gefen birni ba su fi na tsakiya ƙarfin huhu ba, hasali ma a can tsofaffi suka fi yawa, su ne kuma gurɓatacciyar iska ta fi yi wa illa.

Martanin masu adawa

Masu adawa da suka san abin da suke yi ba sa musanta cewa hayaƙi na cutarwa. Tambayarsu ita ce: nawa ne daga wannan cutar faɗaɗawar 2023 za ta kawar? A nan suna kafa hujja da takardun hukumar sufurin Landan, TfL, ita kanta. Kamfanin da hukumar ta ɗauka ya auna tasirin shirin kafin a fara ya yi hasashen cewa NO2 da mazauna birnin ke shaƙa zai ragu da ƙasa da kashi 2 cikin 100, ragin PM2.5 kuwa bai taka kara ya karya ba. Dalilin a fili yake. Kaso mai yawa na ɓurɓushin da ke iskar Landan iska ce ke kwaso shi daga wajen birnin, har daga gonaki da masana'antun nahiyar Turai. Wani kason daga murhun itace na gidajen masu hali yake fitowa, da wuraren gine-gine. Wanda mota ke fitarwa ma, mafi yawansa yanzu daga gogar taya da birki da kwalta yake tashi, abin da motar lantarki ita ma take yi. PM2.5 shi ne ya fi kisa, shi ne kuma ULEZ ya fi gazawa a kansa.

Suna kuma ƙalubalantar yadda aka yi amfani da adadin nan na 4,000. Ba gawarwaki aka ƙirga ba, lissafi ne na shekarun rayuwa da aka rage wa jama'a baki ɗaya, aka mayar da su adadin mutane, kuma ya haɗa duk tushen gurɓata, ba tsofaffin motoci kaɗai ba. Ɗora shi a kan allon tallan ULEZ, in ji su, yana sa mai karatu ya zaci shirin zai ceci waɗannan rayuka duka. A farkon 2024 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Birtaniya ta yanke cewa wasu daga tallan rediyo da TfL ta yi a kan shirin na iya ɓatar da mai sauraro, domin ba su fayyace cewa alƙaluman ƙiyasin kwamfuta ne ba. Sannan wani rukunin masu bincike a Imperial College ɗin dai ya wallafa a 2021 cewa a makonnin farko na ULEZ a tsakiyar birni, ragin NO2 da za a iya jingina wa shirin kai tsaye bai kai kashi 3 cikin 100 ba a matsakaici. Iskar Landan, a cewarsu, tana gyaruwa tun kafin nan, saboda tsofaffin motoci suna mutuwa da kansu, an sabunta motocin bas da tasi, an kuma ƙara matsa wa manyan motoci. TfL ita da kanta ta ce tara daga cikin goma na motocin da ake gani a titunan gefen birni sun riga sun cika ƙa'ida kafin faɗaɗawar. To me ya sa za a kashe ɗimbin kuɗi a kafa dubban kyamarori domin abin da 'yan shekaru kaɗan za su kawo da kansu?

Amsar magoya baya: lokaci da adalci

Magoya baya suna karɓar wannan tambaya ta ƙarshe su juya ta. Gaskiya ne tsofaffin motoci za su ƙare wata rana, amma yaron da ke aji ɗaya yau ba zai dakatar da girman huhunsa ya jira ba. Amfanin shirin duka yana cikin gaggautawa. Suna kuma cewa binciken da ya auna makonnin farko bayan ƙaddamarwa ya tsallake ainihin yadda irin wannan doka ke aiki: mutane ba sa jiran ranar farawa, suna sauya mota tun daga ranar sanarwa. A Fabrairun 2017 kashi 39 cikin 100 ne kawai na motocin da ke shiga tsakiyar birnin suka cika ƙa'ida. Yanzu a faɗin Landan adadin ya haura kashi 96. Rahoton da ofishin magajin gari ya fitar a Maris 2025 ya ƙiyasta cewa NO2 a bakin tituna ya yi ƙasa da kashi 27 cikin 100 a faɗin birnin idan aka kwatanta da yadda zai kasance da ba a yi ULEZ ba, a tsakiyar birni kuwa ragin ya haura rabi. Alƙaluman gwamnatin Birtaniya sun nuna cewa a 2024 Landan ta cika iyakar doka ta NO2 a karon farko, alhali masu bincike a King's College sun taɓa ƙiyasta cewa a tafiyar da ake yi a da sai an shekara 193 kafin a kai nan.

Kan zargin cewa talaka ake tatsa, suna cewa a duba wane ne talakan Landan. Fiye da kashi 40 cikin 100 na gidajen birnin ba su da mota sam, kuma mafi yawan marasa motar masu ƙaramin ƙarfi ne. Su ne ke haya a gidajen da ke bakin manyan tituna saboda a nan haya ta fi sauƙi, su ne ke tsayuwa a tashar bas hayaƙi na dukansu, kuma binciken da aka yi ya sha nuna cewa unguwannin matalauta da na baƙaƙen fata da 'yan Asiya sun fi shaƙar gurɓatacciyar iska. Kafin ULEZ ma ana biyan kuɗin hayaƙi, sai dai wanda bai fitar da shi ba ne ke biya, da lafiyarsa da ranakun aikin da ya rasa. Shirin ya mayar da wani ɓangare na kuɗin kan wanda ya jawo shi. Bayan haka an ware fam miliyan 210 domin sayen tsofaffin motoci a rusa su, mai ƙaramar mota ya karɓi har fam 2,000, masu motocin sana'a su karɓi fiye da haka, wasu motocin ma aka tura su Yukren a matsayin agaji. An kuma buɗe sabbin layukan bas masu sauri da ake kira Superloop domin haɗa unguwannin gefe. Wani bincike da ya bi sawun 'yan makaranta ya gano cewa huɗu cikin goma na yaran tsakiyar Landan da ake kai wa makaranta a mota sun koma tafiya da ƙafa ko keke ko motar haya bayan fara shirin, alhali a garin Luton da ba a yi shi ba biyu ne cikin goma.

Masu adawa sun sake magana: wa ke biya, wa aka tambaya?

A nan ne hujjar masu adawa ta fi kaifi, domin ta bar alƙaluma ta koma kan mutane. Gefen Landan ba tsakiyarta ba ne. A tsakiya mutum na iya rayuwa ba mota, jirgin ƙarƙashin ƙasa na kusa, bas na zuwa kowane 'yan mintoci. A wurare irin su Bromley da Havering da Hillingdon akwai unguwannin da gonaki suka kewaye, layukan jirgi kuma duk tsakiyar gari suka nufa, ba su haɗa wannan unguwa da waccan ba. Mai gyaran famfo ko kafinta ba zai ɗauki kayan aikinsa a bas ba. Matar da ke zagayawa gida-gida tana kula da tsofaffi ba za ta kai ga mutum shida a yini ba sai da mota. Irin waɗannan ba su ne matalautan ƙarshe ba, amma su ne na sama da su kaɗan, masu motar da ta tsufa domin ba su da halin sabuwa. Fam 12.50 sau biyar a mako fam 62.50 ke nan, a shekara ya haura fam 3,000. Ma'aikaciyar jinyar da ta shiga aiki da dare ta tashi da safe sau biyu za ta biya, domin ranar shirin ƙarfe goma sha biyun dare take sauyawa. Mai kuɗin da ke tuƙa sabuwar ƙatuwar jif mai shan mai kamar me ba ya biyan komai. An kuma ƙaƙaba wannan ne a shekarar da tsadar rayuwa ta addabi Birtaniya, farashin motocin hannu ya tashi, ta yadda fam 2,000 da ƙyar yake sayen abin hawa mai lafiya.

Suna kuma tuna wa gwamnati cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2001 gwamnatin Labour ta sauya harajin mota ya koma bisa yawan iskar da ke ɗumama duniya, abin da ya fifita dizal, miliyoyin mutane suka saye shi suna ganin sun bi shawarar hukuma. A 2015 aka bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen na maguɗi a gwajin hayaƙi, aka kuma gano cewa motocin dizal da yawa na fitar da abin da ya ninka na takarda. Kamfani ya yi ha'inci, gwamnati ta yi kuskure, amma direba aka miƙa wa takardar biya. Sai batun wakilci. A jin ra'ayin jama'a da aka yi a 2022, kashi 59 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce kada a faɗaɗa, aka faɗaɗa. Mazauna yankunan Surrey da Kent da Essex da ke shiga Landan aiki ko asibiti suna biya, amma ba su da ƙuri'a a zaɓen magajin gari, ba su kuma cancanci kuɗin rusa mota ba. Ganin cewa shirin ya tara sama da fam miliyan 200 a 2022, a daidai lokacin da annobar korona ta bar asusun TfL a rame, da yawa sun yi imanin cewa kuɗin ake nema, iska hujja ce kawai.

Kotu da akwatin zaɓe

Kowane ɓangare yana da nasarar da yake nunawa. Ƙananan hukumomi huɗu na Landan, wato Bexley da Bromley da Harrow da Hillingdon, tare da hukumar yankin Surrey, dukkansu a hannun Conservative, sun kai ƙara babbar kotu, amma a ranar 28 ga Yulin 2023 alƙali ya yi watsi da ƙarar, ya ce magajin gari na da hurumin yin abin da ya yi. Mako guda kafin nan an yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Uxbridge da South Ruislip, kujerar da Boris Johnson ya bari, inda kowa ya zaci Labour za ta lashe. Ɗan takarar Conservative ya mayar da zaɓen ƙuri'ar raba gardama a kan ULEZ, ya tsira da ratar ƙuri'a 495, har shugaban Labour Keir Starmer ya fito fili ya nemi Khan ya sake tunani. Sai dai a Mayun 2024 Susan Hall ta jam'iyyar Conservative ta tsaya takarar magajin gari da alƙawarin soke faɗaɗawar a ranarta ta farko a ofis, Khan ya kayar da ita da kusan kashi 44 cikin 100 a kan kusan 33, ya samu wa'adi na uku. Kotu dai halascin mataki take dubawa, ba hikimarsa ba, zaɓe kuma batutuwa da yawa ake haɗawa a cikinsa. Abin da sakamakon biyu suka nuna tare shi ne cewa masu jin zafin shirin ba su kai rinjaye ba, amma sun taru a wurare ƙalilan, zafin nasu kuma mai tsanani ne.

Tace hujjoji

Idan aka jera hujjojin nan, abu na farko da ke bayyana shi ne cewa ɓangarorin biyu sau da yawa ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Magoya baya suna kawo alƙaluman shirin baki ɗaya tun daga 2019, masu adawa suna kawo na faɗaɗawar 2023 kaɗai, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa. Rahoton Maris 2025 ɗin da ya ba da kashi 27 shi ne kuma ya nuna cewa faɗaɗawar ƙarshe ita kaɗai ta rage NO2 na bakin titi a gefen birni da abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wannan ya fi hasashen farko, amma ya yi nesa da abin da aka samu a tsakiya. Amfanin shirin yana raguwa yayin da ake fita daga tsakiyar gari, wahalarsa kuma tana ƙaruwa ta wannan hanyar, domin a can iska ta fi tsabta tun asali, mota kuma ta fi zama dole. Wannan ne ya sa mataki ɗaya ya samu karɓuwa a 2019 ya kuma tayar da ƙura a 2023.

Wasu hujjojin ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Cewa adadin 4,000 ƙage ne saboda mutum ɗaya kawai aka rubuta wa gurɓatar iska a takardar mutuwa rashin fahimtar yadda ake auna irin wannan illa ne. Da wannan hanyar lissafin ake gane ɓarnar taba sigari, kuma ba wanda ke musanta ta. Zargin cewa neman kuɗi ne zalla shi ma yana da rauni, domin harajin da aka gina don mutane su guje masa kullum raguwa yake yi, TfL ma ta taɓa cewa cikin 'yan shekaru ba zai riƙa kawo rarar kuɗi ba. A ɗaya gefen, magoya baya sun yi wa kansu illa da suka bar manyan alƙaluma suna yawo ba tare da fayyace iyakarsu ba, kuma cewa matalauta ba su da mota amsa ce ga matsakaicin lissafi, ba ta share hawayen mai a-kori-kurar da sana'arsa ta dogara da ita ba. Yadda aka yi ta ƙara kuɗin rusa motoci daga fam miliyan 110 zuwa 160 zuwa 210, aka kuma buɗe shi ga kowane mazaunin birni sai ana saura 'yan kwanaki a fara, ya nuna cewa matsin lamba ne ya kawo sassaucin, ba tsarin farko ba. Masu adawa sun faɗi a kotu, amma sun gyara shirin.

Akwai kuma tambayar da ɓangarorin biyu ba su cika tsayawa a kanta ba: ina tsofaffin motocin suke zuwa? Wadda aka rusa ta ƙare, amma wadda aka sayar ta koma wani gari da ba shi da kyamara, tana ci gaba da hayaƙinta. A matakin duniya ma haka abin yake. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka ce kuma ta fi kowace nahiya karɓa, Najeriya na sahun gaba. Motocin Birtaniya, da yake sitiyarinsu a dama yake, ba su ne suka fi zuwa Afirka ta Yamma ba, amma biranen Jamus da Faransa da Beljiyam suna da irin waɗannan yankuna, kuma daga tashoshin jiragen ruwan Turai motocin Kwatano da yawa suke tasowa. Matakin Euro 4 da ƙungiyar ECOWAS ta amince da shi ga motocin da ake shigowa da su shi ne dai mafi ƙanƙantar abin da Landan ke karɓa daga motar fetur. Birnin da ya tsabtace iskarsa ta hanyar tura hayaƙi gaba ya magance matsalarsa, bai magance matsalar ba.

Shin da wata hanya? Birmingham ta bi sawun Landan a 2021 da cajin fam 8, amma a ƙaramin yanki na tsakiyar gari. Yankin Manchester, wanda shi ma Labour ke mulki, ya jingine shirinsa na cajin motocin haya da na kasuwanci a 2022 bayan bore, ya zaɓi zuba kuɗi a motocin bas masu lantarki da tallafa wa masu tasi, gwamnati kuma ta amince da hakan a farkon 2025. Idan Manchester ta cika iyakar doka a kan lokaci ba tare da cajin kowa ba, masu adawa da ULEZ sun samu hujja mafi ƙarfi da suka taɓa samu. Idan ta makara, magoya baya za su ce lallashi kaɗai ba ya fitar da tsohon dizal daga titi. Ko da yake Landan da Manchester ba girmansu ɗaya ba, wannan gwaji ne da ya cancanci a zuba masa ido.

Abin da shaidu suka tabbatar zuwa yanzu shi ne cewa cajin tsofaffin motoci a cunkusasshiyar tsakiyar birni, inda akwai abin hawa na madadi, yana aiki kuma ya cancanci wahalarsa. Game da gefen birni, an samu amfani na gaske amma matsakaici, an kuma ɗora nauyinsa a kan 'yan tsiraru da ba su ne suka fi kowa ƙarfi ba. Ko wannan ciniki ya yi daidai ya dogara da abubuwa biyu. Ɗaya za a iya aunawa, amma sai nan gaba: alƙaluman asibitocin gefen Landan na masu asma da ciwon zuciya, da girman huhun yaran da suka taso bayan 2023. Ɗayan kuwa babu na'urar da za ta auna shi, domin tambaya ce ta abin da mutum ya fi ba wa nauyi: ƙaramin amfani da ya bazu a kan mutum miliyan biyar, ko babbar asara da ta taru a kan wasu dubbai. Mahaifiyar da ɗanta ke fama da asma a bakin babban titi da maginin da ya sayar da motar sana'arsa da asara za su ba da amsa daban, kuma da wuya a ce ɗayansu bai fahimci lamarin ba.